Yadda ruwa da iska masu gudu ke turawa, ja da ɗaga abubuwa masu tauri

Wani mai karatu ya aiko da tambaya cewa: iska aba ce da hannu ke ratsawa ba ya jin komai, ruwa kuma ko yaro yana iya keta shi, to daga ina suke samun ƙarfin ɗaye rufin gini ko tafiya da mota lokacin ambaliya? Kuma me ya sa rufin ke tashi sama, alhali daga gefe iskar ta zo?

Malam, tambayarka biyu ce a haɗe. Ta farkon lissafi kaɗan ya isa ya warware ta. Ta biyun kuwa reshe ce ta wata matsala da ta ɗaure wa manyan masana kai har shekara 150.

Abu mai gudana, ruwa ne ko iska ko mai, hanya biyu kacal gare shi ta taɓa jikin abu mai tauri. Ko dai ya danna shi kai tsaye, wato matsi, ko ya goge shi yana wucewa, wato gogayya. Babu ta uku. Turjiyar da mota ke sha a kan hanya, ɗagawar da fiffiken jirgin sama ke samu, juyawar farfela, duk waɗannan biyun ne idan aka tattaro su daga kowane lungu na jikin abin aka haɗa jimilla.

Iskar da ke kewaye da mu, ko tana tsaye cik, tana danna kowane murabba'in mita da nauyin kusan tan 10. Ba ma jin sa ne saboda ta kowane ɓangare take dannawa daidai wa daida, ciki da waje, sama da ƙasa. Don haka guguwa ba ta buƙatar kawo wani gagarumin ƙarfi daga wani wuri. Ya ishe ta ta ɓata wannan daidaito da ɗan ƙanƙanin kaso.

Ga yadda ake auna kason. Ɗauki rabin nauyin kyubik mita ɗaya na abin da ke gudana, ka ninka shi da gudunsa a mita cikin daƙiƙa, ka sake ninkawa da gudun. Raba amsar da goma, za ka sami kimanin kilo nawa ke kan kowane murabba'in mita a inda gudun ya ci karo da bango ya tsaya. Kyubik mita na iska nauyinsa kilo 1.2 ne. Iska mai gudun mita 10 a daƙiƙa, wato kilomita 36 a awa, tana ba da kilo 6. Idan ta kai mita 30 a daƙiƙa, kilomita 108 a awa ke nan, sai ta ba da kusan kilo 55. Gudun ya ninka sau uku, ƙarfin ya ninka sau tara. Dalilin shiga gudun sau biyu a lissafin a bayyane yake: idan ya ruɓanya, yawan iskar da ke isowa kowace daƙiƙa ya ruɓanya, kuma kowane ɗigonta yana ɗauke da ninkin ƙarfin tafiyar da yake da shi a da. Tun a 1687 Isaac Newton ya kai ga wannan. Ga mai tuƙi lamarin ya ma fi haka tsanani, domin ƙarfin injin da ake kashewa wajen keta iska yana ninkawa sau takwas idan aka tashi daga kilomita 60 zuwa 120 a awa.

Ruwa kuwa kyubik mitarsa kilo 1,000 ne, ya fi iska nauyi sau 800 da ɗoriya. Ruwan da ke tafiyar mita ɗaya kacal a daƙiƙa, wanda bai kai saurin tafiyar mutum mai hanzari ba, yana danna murabba'in mita da kilo 50, daidai da guguwa mai gudun sama da kilomita 100 a awa. Idan ya kai mita 2 a daƙiƙa, kilo 200 ne. Amma abin da ke cin mota a ambaliya ba turin gefe ne kaɗai ba. Ƙasan ƙaramar mota ya kai murabba'in mita 7. Duk santimita 10 da ruwa ya hau sama da ƙasan, yana rage wa motar kusan kilo 700 na nauyin da ke danna tayoyinta a kan titi. Kafin ruwan ya kai ƙofa sosai, tayoyin sun daina riƙe ƙasa, sai turin da a da ba zai motsa ta ba ya kwashe ta. Shi ya sa hukumar hasashen yanayi ta Amurka ke gargaɗin cewa santimita 30 na ruwa mai gudu ya isa ya tafi da ƙaramar mota, santimita 15 kuma ya kayar da babban mutum.

Wannan lissafi na canza wa ruwa gudu ko alkibla yana aiki a wurare da yawa. Tiyon 'yan kwana-kwana da ke fitar da lita 10 a daƙiƙa da gudun mita 25 yana tura mai riƙe da shi baya da ƙarfin kilo 25. Lester Pelton, wanda ya yi rajistar injinsa mai kofuna da ruwa ke juyawa a Amurka a 1880, ya gina shi a kan cewa idan maimakon ka tare ruwa ka mayar da shi inda ya fito, ƙarfin da zai ba ka ya kusa ninki biyu. Har yau injinan lantarki masu irin kofunansa suna tatsar kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin ruwan. Haka nan ƙarar bugu da ake ji a bututu idan an rufe famfo farat ɗaya. Nikolai Joukowsky ya auna ta a bututun ruwan birnin Mosko ya bayyana ta a 1898: tsayar da ruwa mai gudun mita 2 a daƙiƙa nan take cikin bututun ƙarfe na iya ɗaga matsi ya haura na iskar da ke kewaye da mu sau 20. Saboda haka ne ake yin manyan bawul ta yadda sai an yi ta murɗawa kafin su rufe.

Har zuwa nan gaba kawai muke kallo, inda ruwa ko iska ke bugawa. Kuma nan ne yawancin mutane ke tsayawa, alhali hukuncin a baya ake yanke shi.

A 1738 Daniel Bernoulli ya wallafa aikinsa da ya haɗa gudu da matsi: a kan hanyar gudana ɗaya, inda sauri ya ƙaru matsi ya ragu, inda sauri ya ragu matsi ya ƙaru. Ba wani siddabaru a ciki. Ɗigon ruwa ba ya ƙara sauri sai idan matsin da ke bayansa ya fi na gabansa, wato yana shiga wuri mai ƙarancin matsi ke nan. Yanzu bi iska yayin da take zagaye ƙwallo. A goshin ƙwallon tana tsayawa, matsi ya hau. A kafaɗu tana ƙara sauri don ta kewaye, matsi ya faɗi. A ƙeya ya kamata ta sake lafawa ta haɗu da 'yar'uwarta da ta bi ɗaya gefen, matsi ya dawo daidai da na goshi. To idan ƙeya na tura ƙwallon gaba daidai da yadda goshi ke tura shi baya, babu sauran turjiya. Abin da Jean d'Alembert na Faransa ya samu ke nan a 1752: lissafi mara aibi yana cewa abu mai tafiya cikin ruwan da ba shi da danƙo, wato kaurin nan irin na zuma mai jawo gogayya, ba ya shan wata turjiya ko kaɗan. Kowa ya san ba haka duniya take ba. Masu lissafi suka ci gaba da lissafinsu, injiniyoyi suka koma ga gwaji da jadawalin awo, kowa ya kama gabansa. An san danƙo ne aka bari a waje, kuma Navier a 1822 da Stokes a 1845 sun rubuta dokokin da suka haɗa da shi, amma dokokin sun fi ƙarfin warwarewa da hannu, ga shi danƙon iska da na ruwa ƙanƙane ne har ana ganin bai isa ya yi wannan aika-aika ba.

Ludwig Prandtl ne ya kwance ƙullin a watan Agusta na 1904, a taron masana lissafi na duniya a Heidelberg ta Jamus, yana ɗan shekara 29, cikin wata 'yar takarda da ba ta wuce shafi takwas ba. Ya fara ne daga wani abu da kowa ke gani amma ba ya lura: ruwa ko iskar da ke taɓa jikin abu kai tsaye ba ta zamewa, manne take. Dubi fuka-fukan fanka. Suna yini suna keta iska, amma ƙura mai laushi tana kwance a kansu ba ta tashi, domin a daidai jikin fiffiken iskar ba ta motsi. Daga wannan tsayawa cik zuwa cikakken gudu akwai wata siririyar shimfiɗa, wadda a kan fiffiken jirgi take farawa daga 'yan milimita a gaba ta kai 'yan santimita a baya. A cikinta kaɗai danƙo ke aiki. A wajenta lissafin su d'Alembert daidai yake.

Sai dai wannan siririyar aba ita ke juya akalar komai. Iskar da ke cikinta ta gaji, gogayya ta cinye mata ƙarfi. Daga goshi zuwa kafaɗa ba matsala, matsi na raguwa, ana tura ta gaba. Daga kafaɗa zuwa ƙeya kuwa dole ta shiga wurin da matsi ke ƙaruwa. Kamar mai keke ne da ya gangaro daga tudu yana son ya haye wani tudun mai tsawo ɗaya ba tare da ya taka feda ba: da babu gogayya da ya kai ƙololuwa daidai, amma da yake akwai, sai ya tsaya a tsakiyar hawa ya fara komawa da baya. Iskar da ta tsaya ta juyo tana shiga ƙarƙashin mai zuwa, ta ɓamɓare ta daga jikin ƙwallon. Daga nan gudun ya rabu da jiki, ya bar wani fili mai hargitsi a baya, inda matsi bai farfaɗo ba. Goshi na turawa, ƙeya ba ta ramawa. Bambancin nan shi ne mafi yawan turjiyar da mota, gini, ginshiƙin gada ko mutum mai gudu ke sha. Jan da gogayyar ke yi da kanta a kan irin waɗannan abubuwa ɗan ƙanƙanin kaso ne. Babban aikinta shi ne zaɓar wurin da gudun zai rabu da jiki.

Wanda ya gane wannan zai daina mamakin siffofi. Injiniyoyi suna ba kowace siffa maki na turjiya. Faifai mai fuskantar iska yana da kusan 1.2, ƙwallo mai santsi kusan 0.47, motocin zamani tsakanin 0.25 da 0.35, siffar da ke da zagayayyen kai da doguwar jela mai sirancewa a hankali kuma tana iya sauka har 0.04. Doguwar jelar tana sassauta hawan ne don gajiyayyar iskar ta iya kai wa ƙarshe a manne. Waya mai zagaye tana shan turjiya daidai da sanda mai wannan siffa da ta fi ta kauri kusan sau goma, abin da ya sa jiragen sama na farko masu tarin wayoyi suka kasa gudu. A ganina babu kuskuren da ya fi yaɗuwa a wannan fanni kamar zaton cewa tsinin hanci ne ke sa abu ya keta iska. Matuƙar ba a kusanci gudun sauti ba, gyaran baya ya fi gyaran gaba riba nesa ba kusa ba. Dubi kifi: kansa dunƙule, jelarsa ce siririya.

Akwai wani abin da ya fi wannan ban mamaki. A 1912 Gustave Eiffel, mai hasumiyar nan ta Paris, wanda ya koma binciken iska a ƙarshen rayuwarsa, ya auna turjiyar ƙwallo ya samu ba ta kai rabin abin da aka auna a ɗakin gwajin Prandtl a Göttingen ba. Aka zaci wani ya yi kuskure. Ashe duka biyun daidai suke. Tun a 1883 Osborne Reynolds ya nuna a Manchesta, da ɗigon rini cikin bututun gilashi, cewa gudu iri biyu ne: natsattse mai tafiya layi-layi, da hargitsattse mai cakuɗa kansa. Abin da ke raba su wata lamba ce da ake samu idan an ninka nauyi da gudu da girman abu, aka raba da danƙo. A bututu, natsuwar tana fara watsewa idan lambar ta haura 2,000 da 'yan kai. A kan ƙwallo mai santsi, idan ta kai wajen 300,000, siririyar shimfiɗar ita kanta takan hargitse kafin ta rabu da jiki, kuma gwajin Eiffel ya haye wannan iyaka. Hargitsin yana jawo iska mai ƙarfi daga waje yana cusa ta kusa da jiki, sai shimfiɗar ta sami kuzarin ci gaba da mannewa har ta wuce kafaɗa sosai. Filin baya ya tsuke, turjiya ta faɗi warwas. A 1914 Prandtl ya tabbatar da haka ta hanyar ɗaura wa ƙwallo siririn zoben waya kafin kafaɗa. Ƙwallon ya ƙara kaushi, turjiyarsa ta ragu. Ramukan da ke jikin ƙwallon golf, waɗanda yawanci suke tsakanin 300 da 500, wannan aikin suke yi, suna rage turjiya kusan rabi. Amma kada wani ya ɗauki guduma ya nufi motarsa. Dabarar tana aiki ne a wani keɓaɓɓen zango na girma da gudu, ita kuwa mota ta riga ta wuce shi, shimfiɗarta a hargitse take tun asali.

Yanzu rufinka. Iska ta bugi bango, ba ta da hanya sai ta haye. A bakin rufin akwai kusurwa mai kaifi wadda ba za ta iya lanƙwasawa ta bi ba, sai ta yi tsalle ta rabu, tana gudu fiye da yadda ta zo, ta bar matsi mai rauni a saman kwanon. A cikin ɗaki kuwa iskar tana nan da cikakken matsinta. Iskar cikin ɗakin ce ke tura rufin sama. A guguwa mai kilomita 108 a awa, rufi mai murabba'in mita 100 da ba shi da gangara sosai na iya shan ɗagawar tan 3 zuwa 4, alhali kwanon kansa bai fi 'yan kilo a kowane murabba'in mita ba. Duk wannan daga bambancin da bai wuce rabin kashi 1 cikin 100 na matsin iskar da ke kewaye da mu ba. Ɗagawar ta fi tsanani a gefuna da kusurwoyi, inda takan ninka ta tsakiya sau biyu ko fiye, shi ya sa ɗayewa daga can take farawa, kuma ƙa'idojin gini suke buƙatar a ƙara yawan ƙusa da ɗauri a wurin. Idan kuma taga ko ƙofa ta ɓalle ta ɓangaren da iska ke zuwa, iskar ta cika ɗakin, matsin ciki ya hau, ɗagawar na iya kusan ninkawa.

Fiffiken jirgin sama wannan ɗagawar ce aka horar. An zagaye bakinsa an sirantar da bayansa don iska ta bi samansa a manne ta fita tana karkata ƙasa. Fiffiken ya tura iska ƙasa, iska ta tura shi sama, kuma hanyar da take bi ta yi turin ita ce bambancin matsi tsakanin sama da ƙasa, wanda a manyan jiragen fasinja ya kai wajen kilo 700 a kowane murabba'in mita. Bayanin da ake yawan koyarwa, wai iskar sama dole ta yi sauri don ta riski ta ƙasa a baya, ba shi da tushe. Babu dokar da ta tilasta su haɗu, kuma gwaji ya nuna ta saman tana rigan ta ƙasan isa. Idan aka ɗaga hancin fiffiken ya wuce wajen digiri 15, shimfiɗar sama ta rabu, ɗagawa ta zube nan take.

Gogayya tana da nata fagen da take sarauta. A jirgin fasinja mai tafiya a sama kusan rabin turjiyar daga gare ta take, a manyan jiragen ruwa na dakon mai masu tafiyar hawainiya kuma ita ce mafi rinjaye, shi ya sa ake kashe kuɗi wajen kankare musu jikin da ke cikin ruwa. A ƙananan abubuwa danƙo ne komai. Ɗigon hazo yana saukowa da kimanin santimita ɗaya a daƙiƙa, yayin da babban ɗigon ruwan sama ke kai mita 9.

Saura abu ɗaya da lissafin kilo a kan murabba'in mita ba ya nunawa. Filin hargitsin da ke bayan abu ba a tsaye yake ba. Bayan waya ko bututun hayaƙi, ƙananan guguwoyi suna ɓallewa bi da bi, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, kowace tana fizgar abin zuwa gefenta. Vincenc Strouhal ya auna yawansu a 1878, Theodore von Kármán ya bayyana tsarinsu a 1911. Ka ninka gudun iska da 0.2 ka raba da kaurin abin a mita, ka sami adadin fizga a daƙiƙa. Waya mai milimita 5 a iskar mita 10 tana shan 400, wannan ne fito da kake ji. Bututun hayaƙi mai faɗin mita 2 a wannan iskar yana shan ɗaya a daƙiƙa, kuma idan hakan ya dace da yadda shi kansa yake lilo, ƙaramar iska na iya gajiyar da ƙarfensa. Murɗaɗɗen ƙarfen da ake naɗa wa saman dogayen bututun masana'antu yana nan ne don ya hana guguwoyin ɓallewa a tare.

Gadar Tacoma Narrows ta jihar Washington a Amurka an buɗe ta ranar 1 ga Yuli, 1940, ta rushe ranar 7 ga Nuwamba na shekarar, a iskar da ba ta wuce kilomita 70 a awa ba, ƙasa ƙwarai da abin da aka lissafa za ta iya jurewa. Littattafan makaranta da yawa suna cewa bugun iska ne ya dace da lilon gadar, amma abin ya fi haka. Gefunanta faifan ƙarfe ne rufaffu masu tsayin mita 2.4. Da gadar ta ɗan murɗa, sai murɗawar ta sauya yadda iska ke rabuwa da gefen, sabon matsin ya ƙara murɗa ta, ita da kanta take kiran ƙarfin da ke karya ta. Gadar da aka gina a madadinta, aka buɗe a 1950, an yi mata ƙarafa masu raga da iska ke ratsawa da ƙofofin iska a daɓenta, kuma sai da aka gwada ƙaramin samfurinta a ramin gwajin iska kafin a fara gini, abin da ya zama ƙa'ida ga dogayen gadoji tun daga lokacin.